Abin da Kowa Ya Ji Ban da Ni

Litinin, 9 ga Satumba

Mun iso Binzart daga Tunis da hantsi, ni da Rida a motarsa, bas ɗinsa, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya, kwance a baya, wuyan ya leƙo tsakanin kafaɗunmu. Shekara talatin da biyu muna irin wannan tafiya, har yau tuƙinsa bai gyaru ba. Ziyad ya biyo mu da gangunansa. Sundus ta riga mu isowa, ta je ta duba fiyanon da za a ba ta.

Asabar ƙarfe shida na yamma, a filin tsohuwar ganuwa. Mu za mu rufe bikin kiɗan jaz na bana. Na ga hotona a bango tun daga bakin gada, ni da saksofon ɗin da nake busawa, gashina bai kai haka fari ba lokacin da aka ɗauka.

Gobe sai na yi wa Sundus magana. Ta iya, ban ce ba ta iya ba. Amma da zarar na ja dogon sauti can sama sai ta ɗauke hannu daga fiyano, ta bar ni tsaye ni kaɗai. Bara wani ɗan jarida ya rubuta wai salo ne na ƙirƙiro, har ya raɗa masa suna "shirun Munji". Ban ƙaryata shi ba. Amma ni ban sa ta ba.

Mai kawo abinci a masaukin nan magana yake a ciki-ciki. Sau uku ina tambayarsa wane kifi ne. Mutanen yanzu ba sa buɗe baki.

Ustaz Nagi zai sauka gobe daga Iskandariya da ƙahonsa. Ban taɓa kiɗa da shi ba. Masu bikin ne suka haɗa mu.

Talata, 10 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Gwaji ƙarfe uku, a filin ganuwar, can kan tudu. Nagi ƙato ne, ya haura saba'in, dariyarsa na girgiza tumbinsa. Ya rungume ni kamar tare muka tashi. Muka fara da waƙar da zan busa tare da shi, ni da saksofon shi da ƙaho, murya ɗaya, sauti kan sauti. Muna hawa sama na ji abin ba ya haɗuwa. Na ɗaga hannu aka tsaya. Cikin ladabi na ce, "Ustaz, ƙahonka ya ɗan yi ƙasa."

Ya fashe da dariya. Ya juya mini ƙeya, ya ture gashi, ya nuna mini wani ɗan abu mai launin fata a bayan kunnensa.

"Nawa shekara tara ke nan. Kai naka yaushe ya fara?"

Na ce me?

"Kunnen mana, ya Munji. Haurawa kake yi. Daga tsakiya zuwa sama, kowane sauti sai ka tura shi ya wuce inda yake. Haka na yi ta yi kafin na je wa likita. Ba komai ba ne, ai yaranka sun iya rufa maka, na ji yadda 'yar nan take..."

Nan ya tsaya. Ya dubi fuskokinsu. Dariyar ta ɗauke.

Ziyad yana kallon sandunansa kamar yau ya fara ganinsu. Sundus ta ajiye hannuwa a cinya. Rida ya jingina goshi da wuyan bas.

Na jira. Wallahi na jira wani ya ce tsohon nan ya ruɗe, gajiyar jirgi ce. Na dubi Rida musamman.

Nagi ya ce, "Ya salam. Na ɗauka ya sani."

Na sa saksofon a akwati na fito. Ban tuna yadda na sauko tudun ba.

Talata, bayan magariba

Ba wanda ya ce ƙarya ne. Ko ɗaya.

Laraba, 11 ga Satumba

Rida ya same ni a tsohuwar tashar jiragen ruwa, gurin mai sayar da lablabi, romon waken nan. Ya zauna a damana. Yanzu da nake rubutawa na tuna: kullum a dama yake zama. A mota ma, da ni ke tuƙi shi ke gefe, sai wata rana ya ce shi zai riƙa tuƙi, ya koma haguna ke nan, shi ya sa in zai yi magana sai ya karkato gaba ɗaya ya bar titi. Ni ina zagin tuƙinsa.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Shekara uku. Ko da 'yan watanni."

Cokalin ya suɓuce mini cikin kwano.

Ya faɗa mini komai, yana kallon ruwa. Shi a bas yana bina duk inda na haura, yatsa kawai zai gusar. Ziyad ya koyi ɗaga kafaɗa a farkon kowane zagaye don in gani, tunda ba na jin ƙaramin farantin ƙarfen da yake bugawa. Na sha yi masa ba'a a kan kafaɗar nan, ina ce masa mai ciwon wuya. Fiyano ne ba ya lanƙwasuwa. Shi ya sa Sundus take ɗauke hannu, don kada mutane su ji sautina ya yi karo da nata.

Shirun Munji. Na tsaya a gaban na'urar rediyo na yi bayanin hikimarsa, minti ashirin.

Na ce, "Ka mai da ni abin dariya, Rida."

"Ba wanda ya yi dariya, tsoho. Da za su yi, da na fasa musu bas a kai."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Wani ya faɗa maka. Ka ga abin da ka yi masa."

Ban gane ba da farko. Sai ya ce, "Hisham."

Hisham shi ne mai fiyanonmu kafin Sundus. Shekara goma sha ɗaya yana tare da mu. Na kore shi a Safaƙis, bayan wasa, a gaban masu gidan da 'yan jarida biyu. Ya ce mini, "Si Munji, kai ne kake haurawa," ni kuwa na ce masa ba shi da kunne, ya je ya nemi sana'ar da ba ta buƙatar ji. Maganar ta zagaya Tunis a kwana biyu. Ban sake tambayar inda yake ba.

Rida ya ce, "Daga ranar kowa ya kama bakinsa. Ziyad 'ya'ya uku gare shi."

Na tashi na bar lablabin. Ya biyo ni har ƙofar masauki.

Na kira Wasila. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "An faɗa maka ke nan." Matata. Shekara talatin da biyar da aure. Ta ce ita ta fara lura, ita ta je wa Rida. Ta ce sau huɗu tana karɓo mini ranar ganin likita ina cewa lafiyata lau, ita ce take magana kamar mai azumi. Ta ce gobe tana hanya.

Na ce kada ta zo. Ta ce, "Me? Ban ji ba," ta kashe. Har da ita.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ta zo da motar haya ta farko, ta riga ta nemo likitan kunne a garin nan ta hannun 'yar ƙanwarta. Na bi ta ne kawai don in kawo takarda in manna wa Nagi a goshi.

Wani ɗan ɗaki kamar akwati. Abu a kunne. Wai in danna duk lokacin da na ji ƙara. Na danna, na danna, sai aka yi shiru mai tsawo. Na ɗauka an gama. Ta gilashi na ga likitar tana ta murɗa abinta, Wasila a bayanta ta toshe baki da gyale.

Ba a gama ba ashe. Ƙarar tana ta yi.

Kunne biyun ne, na hagu ya fi lalacewa. Sautukan ƙasa suna nan lafiya. Na sama ne wasu suka tafi, waɗanda suka rage kuma suna iso mini a karkace, ina jin su ƙasa da yadda suke, ni kuma sai in tura sama don in gyara. Likitar ta tambayi sana'ata. Wasila ta faɗa mata. Ta ce, "Ayya, Baffa."

Ta ba ni na'urar ƙara ji guda biyu don gwaji, ta ce sai na yi makonni kafin in saba.

Muna fitowa titi na dafe bango. Duniya ashe hayaniya ce haka? Takalmina yana ƙara. Ledar hannun Wasila kamar ana yayyaga kwano. Tsuntsayen teku, na ɗauka sun ragu ne a 'yan shekarun nan, har na taɓa yi wa wani bayanin dalili.

Da la'asar na sa Ziyad ya kawo mini abin da aka naɗa a wasanmu na bara. Ya yi ta kame-kame, wai bai san inda yake ba. Na ce, "Mai ciwon wuya, kawo." Ya kawo a waya, ya ajiye, ya gudu.

Na saurara da na'urar a kunne. Ba ta miƙe mini komai ba, amma ta isa in ji karon.

Waƙa ta uku. Ga ni na hau, na ja sautin nan da nake alfahari da shi. Kafin Sundus ta ɗauke hannu akwai ɗan lokaci kaɗan, ƙiftawar ido, da sautina da nata suka haɗu. Kamar an goga ƙusa a gilashi. Sai ta janye. Sai bas ya lallaɓo ya tsaya a ƙarƙashina. Sai tafi.

Na maimaita gurin sau bakwai. Wasila ta zo ta ɗauke wayar.

Shekara uku ina hawa dandamali a haka, mutum uku suna ta dabara a bayana kamar masu riƙe da mashayi kada ya faɗi a gaban surukansa.

Ba zan busa ranar Asabar ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na hau tudu da safe don in faɗa wa masu bikin su sa Nagi a madadina. Filin ba kowa, sai kujeru. A kan dandamali wani ya buɗe cikin fiyano, ya sunkuya, yana buga sauti ɗaya yana ɗaure waya da ɗan makulli.

Hisham. Ya yi ƙiba, gashin gaba ya tafi.

Shi ne mai gyaran fiyanon bikin. Mutumin da na ce ba shi da kunne, da kunne yake cin abinci. Bayan Safaƙis ba ƙungiyar da ta ɗauke shi, sai ya koma garinsu nan Binzart, ya koyi gyara a hannun wani tsoho. Sundus ta san yana nan tun Litinin. Wannan ma ba a faɗa mini ba.

Na hau matakala. Ya gan ni, bai bar aikinsa ba.

"Si Munji."

Na ce, "Kai ne da gaskiya."

Ya buga sautin, ya saurara, ya ɗan murɗa. "Na sani."

"Ban sani ba a lokacin. Wallahi ban sani ba."

"Na faɗa maka a ranar. Ba ka ji ba." Sai ya hango abin da ke bayan kunnena, ya kau da kai. Ina jin bai yi nufin maganar ta fito haka ba. Ko ya yi nufi. Haƙƙinsa ne.

Na ce ya yafe mini. Bakina ya yi nauyi, ban saba ba. Ya ce shekara ɗaya cur ya yi bai taɓa fiyano don kiɗa ba, in ya zauna sai ya ji muryata. Ya ce har matarsa ya sa ta riƙa buga masa sauti yana juya baya yana faɗin sunansa, don ya tabbatar bai haukace ba.

"Yafiya ba yau ba, Si Munji. Ina da fiyano biyu kafin azahar."

Na sauko. Ban je ofishin masu bikin ba, na manta ma abin da ya kawo ni.

Bayan masallaci na tara su na ce ba zan yi ba. Nagi ya fara ba ni haƙuri, tun Talata yake ba ni haƙuri. Sundus ce ta miƙe. Yarinyar da shekara uku ban ji ta ɗaga murya ba. (Ko ta ɗaga, ina zan sani.)

"A'a, Si Munji. Ba ka isa ba."

Ziyad ya ce, "Sundus..."

"Bari. Shekara uku ina buga rabin abin da na iya. Uwata ta zo daga Ƙairawan ta gan ni ina zaune da hannu a cinya, ta ce wannan ne aikin da kika bar koyarwa dominsa? Na yi don ina son busarka tun ina 'yar sakandare. Yanzu da ka sani, sai ka gudu ka bar mu da hotonka a bango?"

Na ce to me take so in yi, in hau in kunyata kaina da sanina?

Ta ce likita ta ce ƙasa lafiya lau. In zauna a ƙasa. Sama a bar wa Nagi. In dole sai na hau, in dube ta: in ta sunkuyar da haɓa, in sassauta leɓe in sauko.

"Kuma gobe ba zan ɗauke hannu ba. Ko sau ɗaya. In ka haura, kowa zai ji."

Nagi ya ce, "Wannan 'yar taku da a Masar take da tuni ta zama minista."

Muka gwada awa biyu. Da na'urar a kunne saksofon ɗina kamar gwangwani yake a cikin kaina, dole na cire. Haɓarta ta sunkuya sau nawa, ban ƙirga ba. Na ƙirga. Goma sha tara.

Asabar, 14 ga Satumba

Ban ci komai ba tun safe. Wasila ta goge mini riga ta ce in na suma a dandamali ita ba ta san ni ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

An yi.

Fili ya cika har kan ganuwa, rana tana gangarawa ta bayan mutane. Waƙa ta farko na maƙale a ƙasa kamar mai tsoron tsani. Can na ji abin ya fara daɗi. Akwai gurare a ƙasan saksofon da na yi shekaru ban leƙa ba, don tafi a sama yake. Rida yana gefena yana murmushi da ido a rufe.

Waƙa ta huɗu ta Sundus ce, ita kaɗai da bas da ganguna. Na koma gefe bayan lasifika, na laluba aljihu, na sa na'urar. Ban shirya yin haka ba.

Ya Rabbi.

Wannan ce take zaune a bayana shekara uku? Hannun damanta yana can ƙarshen fiyano, gurin da ni a wajena ba komai sai motsin yatsu, tana zubo abubuwa kamar ruwan sama a kan kwano, hannun hagu yana riƙe da ƙasa, Ziyad yana amsa mata da farantin nan da na manta muryarsa. Na tsaya baki buɗe. Lokacin shigata ya zo ya wuce. Ziyad ya ɗaga kafaɗa, ya sake ɗagawa har kusan kunne, ni ina tsaye. Nagi ne ya shiga ya rufe gurin, yana hararata da ido ɗaya.

A waƙar ƙarshe akwai sautin da ba yadda za a yi sai na hau. Na cire na'urar, na hau. Ba ta ɗauke hannu ba. Na ga mutum biyu a layin gaba sun yamutsa fuska. Haɓarta ta sunkuya. Na sassauta. Ta ƙara sunkuyawa. Na ƙara, har a kunnena sautin ya zama ba daidai ba sam, duk jikina yana ce mini kuskure ne, ka koma. Na riƙe shi a nan. Ta ɗago kai ta gyaɗa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan a duk makon. Daidai ɗin, a wajena, kuskure ne.

Da aka gama na karɓi abin magana don in gabatar da su kamar kullum. Na faɗi Nagi, na faɗi Ziyad, na faɗi Rida. Da na zo kanta sai na ji bakina yana cewa, "Sundus, wadda yau na fara jinta." Mutane suka yi dariya suka tafa, sun ɗauka salon magana ne. Ita ba ta yi dariya ba.

Na ƙara da cewa fiyanon nan Hisham ne ya gyara shi, kuma ba kunnen da ya kai nasa a ƙasar nan, ni shaida ne. Ban san ko yana gurin ba. Ban gan shi ba.

Rida a mota yau: "Ka yi kyau, tsoho. Sau biyu kawai ka haura." Na ce sau ɗaya. Ya ce to.

Alhamis, 19 ga Satumba

Tunis. Wasila tana magana da kanta a ɗakin girki, ashe kullum. Yawanci a kaina.

Na rubuta wa Hisham saƙo ranar Litinin, ina roƙon ya ara mini kunnensa. Ba amsa.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na je Binzart da motar haya, saksofon a cinya. Na ce wa Wasila iska zan sha. Ta ce in gaida iskar.

Amsarsa ta zo ne shekaranjiya, layi ɗaya: Alhamis ƙarfe goma, awa ɗaya, kada ka makara. Shagonsa ƙarami ne, fiyano uku duk a buɗe. Bai ba ni shayi ba. Ya zauna, ya buga sauti, na busa, ya ce "ƙasa", wato in sauko. Ya buga wani, na busa, "ƙasa". Ba ya ko dubana. Ya ce in daina yarda da kunnen, in koyi yadda daidai yake ji a leɓe da haƙori, jiki zai riƙe in an maimaita masa. Ya ce zai ɗauki shekara, in ma zai yiwu.

Ba darasi ba ne. Ni da na koyar da rabin masu busa na Tunis. Zama ne kawai muke yi.

Sau ashirin da shida ya ce ƙasa. Ban yi musu ba. To, sau ɗaya, shi ma ya ɗago ya dube ni na haɗiye sauran.

Da zan fita na ce, "Sai Alhamis, Ustaz." Suɓutar baki ce. Ya yi kamar bai ji ba, shi da yake jin komai.

Ya ce in zo da brik, soyayyen nan mai ƙwai a ciki, daga Tunis, na Binzart mai ya yi masa yawa.